Jak ɗin hedifon na saun kad yana rawa, murya na ɓacewa, dan Allah a ba ni shawara

Mai Fiyano: Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin gyara ku matso kusa. Saun kad ɗina ne, na'urar da ke haɗa maik da sifiku da kwamfuta, irin ƙaramin nan na USB mai ramin maik biyu, jak ɗinsa wato wajen da ake soka hedifon ya fara rawa, in ka ɗan taɓa wayar sai ka ji ƙarar-ƙarar, wani lokaci kunnen hagu ya ɗauke, wani lokaci kuma abin da ya fi ɗaure min kai sai muryar mawaƙi ta ɓace gaba ɗaya daga cikin kiɗan, bes ma ya bi ta, sai eko kawai kake ji can nesa kamar daga cikin rijiya. In na danna filogin gefe guda na riƙe sai komai ya dawo daidai. Yanzu haka da hannu ɗaya nake miksin, ɗayan yana riƙe da waya, ga kuma waƙar biki a hannuna an riga an sa rana. Sifiku lafiyarsu ƙalau, ta hedifon ne kawai matsalar. Me zan yi?

Bitmeka KD: Wa alaikumus salam oga. Sufa gulu kawai, ka soka filogin ka daidaita shi inda sautin ke fita sosai ka ɗiga masa a gefe, shikenan ka huta. Ni nawa haka yake har yanzu.

Injiniya Sabon Gari: Kai dan girman Allah kar ka saka sufa gulu. Wlh kayan da ake kawo min shago da aka lalata da gulu sun fi waɗanda suka lalace da kansu ba ni wahala. Ruwa ne da shi, yana bin jikin filogin ya gangara ciki ya zauna a kan ƙarafan da ya kamata su taɓa juna, ga kuma farin hayaƙin nan da yake bari in ya bushe, shi ma rufe su yake. Gyaran gangar Auzinawa kenan. Malam Mai Fiyano kafin ka kwance ko kusa ɗaya amsa min waɗannan: hedifon ɗin naka babban kai gare shi na milimita 6.35 ko ƙarami ne na 3.5 ka sa masa adafta? Kuma ka gwada wani hedifon daban a ramin?

Mai Fiyano: Ƙaramin kai ne Injiniya, da adafta nake amfani, irin mai ruwan gwal ɗin nan da ake turawa kawai. Wani hedifon ban gwada ba tukuna, sai yaron da ke ɗaukar murya ya zo da nasa.

Injiniya Sabon Gari: Toh ka ga wurin da za a tuhuma ya zama huɗu ba ɗaya ba. Akwai wayar hedifon ɗin kanta musamman dab da filogi inda take lanƙwasa kullum, akwai adafta, akwai ƙarafan cikin jak ɗin da ke matse filogi, sannan akwai dalmar da ta riƙe ƙafafun jak ɗin a kan fanel, wato allon ciki mai layukan wuta. Duk cikinsu kowanne zai iya ba ka wannan alamar, kuma biyun farko ba sa buƙatar a buɗe komai. Cire adaftar ka soka hedifon ɗin a waya ko laftof ka kunna waƙa ka rinƙa murza wayar tun daga kunne har filogi, in bai yi ƙara ba hedifon ya fita daga zargi.

Sarkin Miksin: Ni maganar ɓacewar muryar ce ta ja hankalina, don ita ce ta faɗi inda ciwon yake. Ku duba filogin sitiriyo, zobe biyu baƙaƙe sun raba shi kashi uku. Tsinin na kunnen hagu ne, na tsakiya na dama, dogon na ƙasa kuma shi ne at, wato hanyar da wutar sautin ke bi ta koma, wanda kunnuwan biyu suke tarayya a kansa. In tsini ya saki, hagu ne zai ɗauke. In na tsakiya ya saki, dama. Amma in at ne ya saki ba shiru za ka ji ba, wutar sautin sai ta bi ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan, abin da zai iso kunnenka shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai. Duk abin da ka ajiye a tsakiyar miks, murya, bes, kik, tunda iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu sai ya kashe kansa, abin da ka watsa gefe da ribab ɗin sitiriyo, wato ekon da aka sa wa kiɗan, su ne za su rage. Shi ya sa kake jin eko ba mai waƙa. Don haka at ɗinka ne ke yankewa, wannan kam ko rantsuwa zan yi, saura a gano a ina.

Mai Fiyano: Allahu akbar, wlh haka abin yake ba ƙari. Fiyanon da na buɗe gefe da gefe yana nan, kalangun da na sa a tsakiya shi ne ke tafiya tare da muryar.

Sarkin Miksin: In kana son tabbatarwa danna mono a masta ɗinka lokacin da abin ya faru. In at ne, kusan shiru za ka ji gaba ɗaya tunda babu sauran bambanci tsakanin hagu da dama. Kuma dan Allah kar ka yanke hukuncin miks da wannan hedifon a haka, don akwai matakin da bai yanke duka ba, ya ɗan saki ne kawai, murya ta ɗan ja baya ba ka lura ba ka yi ta ƙara mata ƙarfi, sai an kunna a wajen biki ka ji ta danne kiɗa.

DJ Tudun Jos: Wani abu da ba a ambata ba, ka tabbata ba iyafis ɗin waya mai maik kake sokawa ba? Su zobe uku gare su, kashi huɗu, in ka tura su cikin adaftar da aka yi don kashi uku sau da yawa ƙarfen at ɗin yana sauka a kan na maik ne ko a kan robar da ke tsakani, kuma irin wannan sautin na ɓatan murya zai ba ka. Har ma su kansu masu kashi huɗun iri biyu ne, CTIA da OMTP, an juya musu at da maik, tsofaffin wayoyi da yawa OMTP ne sababbi kuma CTIA. Alamar ita ce in ka danne maɓallin amsa kira sai sautin ya gyaru.

Mai Fiyano: A'a DJ, na situdiyo ne mai rufe kunne, zobe biyu. Na gwada shi a laftof yanzun nan, na murza na ja, ko ƙis bai yi ba.

Injiniya Sabon Gari: Madalla. Saura adafta. Irin na turawar nan su ne suka fi ba da matsala, ramin cikinsu yana buɗewa da sauri, kuma suna ƙara wa filogi tsawo da nauyi, duk motsin da ka yi sai ya zama kamar ana ɓanɓarar jak ɗin ne daga waje. In hedifon ɗinka yana da zare a wuyan filogi nemi adafta mai murɗawa, ta fi zama. Riƙe adaftar da yatsu kar ta motsa a cikin saun kad ka kaɗa ƙaramin filogin kaɗai, sannan ka riƙe ƙaramin ka kaɗa adaftar. Wanda ya yi ƙara shi ne.

Ɗan Maraɗi: Sallama gare ku mutanen Kano. Ni dai abin da na gani nan wajenmu, rabin wannan matsala ƙura ce. In hunturu ya shigo ko ka rufe ɗaki sai ta shiga, ta haɗu da ɗan maiƙon hannu da ke jikin filogi ta zama datti a kan ƙarfen. Kaske na, hedifon ke nan, ya taɓa yi min haka a mikisa, munka wanke ramin, ya koma lafiya ba a kai ga dalma ba. A fara da wanki kafin a kai ga wuta.

Bitmeka KD: Toh a fesa WD-40 mana.

Baba Mai Rediyo: Yaro kai komai naka na gaggawa ne. Wancan na gwangwani da ka sani na kwance noti mai tsatsa ne, mai yake bari, man kuma shi ke kiran ƙura, bayan sati kaɗan abin ya fi da lalacewa. Abin da ake so mai wanke kontak ne wanda ke bushewa tas, ko sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, aisofurofil, mai kashi 99 in an samu don ruwa kaɗan ne a cikinsa. Ka cire USB tukuna. Ka jiƙa jikin filogin da shi, ka soka ka zare ka soka ka zare kana ɗan juyawa, ka goge filogin da tsumma mai tsabta za ka ga baƙi, ka maimaita har ya daina fitowa. Kar ka cusa auduga a ramin, tana barin zare a ciki. Kuma kar a kankare filogi da sanfefa, in ka cire rufin da aka yi masa tsatsa ce za ta biyo baya.

Bitmeka KD: Tuba nake Baba. Amma kamfanin ai suna da na kontak ɗin ma.

Baba Mai Rediyo: Suna da shi, gwangwaninsa daban, an rubuta a jiki. Amma in ka aiki yaro kasuwa ka ce WD-40 wanne kake zaton zai kawo maka?

Mai Fiyano: Na dawo. Yaron ya zo da hedifon ɗinsa mai babban kai ba adafta, shi ma yana yi, sai dai bai kai nawa ba. Na wanke da sifirit yadda Baba ya ce, baƙi ya fita sosai kuma ƙarar-ƙarar ta ragu, amma in na ɗaga filogin sama murya tana tafiya har yanzu. Kuma na lura ba filogin ne kaɗai ke motsi ba, bakin ramin gaba ɗaya yana motsi tare da shi.

Injiniya Sabon Gari: Yauwa, ka ga wannan maganar ta ƙarshe ita ce. In filogi ne ke yawo a cikin rami alhali ramin na tsaye, ƙarafan ciki ne suka saki. In kuma ramin ne da kansa ke motsi, to jak ɗin ya rabu da abin da ke riƙe da shi. Duba bakin, akwai noti zagaye da shi, na ƙarfe ko na roba?

Mai Fiyano: Akwai baƙin noti na roba, da yatsa ma yana juyawa.

Injiniya Sabon Gari: Toh ga yadda abin ya faru. Aikin notin nan shi ne ya ɗaure jak ɗin da jikin akwatin, duk ja da turi ya ƙare a kan ƙarfen akwati. Da ya kwance sai nauyin ya koma kan ƙafafun da aka yi wa dalma a fanel, ita kuma dalma ba a yi ta don ɗaukar kaya ba, tana haɗa wuta ne kawai, kullum ana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan har ta tsage zagaye da ƙafar. Ɗaure notin, amma a hankali, roba ce in ka matsa da filaya zaren zai cinye, yatsa sannan ɗan ƙari kaɗan ya isa, kuma ka lura kar jak ɗin ya juya tare da shi. Zai yiwu sautin ya zauna bayan haka amma kar ka yarda da shi, tsagar tana nan, sai an sake narka dalmar.

Admin: Kafin a ci gaba, Mai Fiyano in kayan sabo ne da garanti a kansa ka san buɗewa na iya ɓata shi. Ka tuntuɓi inda ka saya.

Mai Fiyano: Ranka ya daɗe na hannu na saya, babu wani garanti.

Sarkin Miksin: Ni a nan zan saɓa da masu cewa ya buɗe da kansa. Mutum yana da aikin mutane a hannu, bai taɓa riƙe ayan ɗin dalma ba, in ya ɗaga layin fanel fa? Ya kai Farm Centre ko Beirut Road, yaran da ke canza wajen cajin waya kullum wannan wasa ne a wurinsu, ƙafafun jak na 6.35 manya ne a kan abin da suka saba.

Injiniya Sabon Gari: Ban ƙi ba, amma ya san abin da zai ce musu, kuma ya tsaya a kai. Matsalata da wasunsu bulawa, komai sai sun hura masa iska mai zafi don da ita suka saba, jikin jak kuma roba ne, narkewa zai yi ya karkace, ga ƙananan kaya kusa da shi da za su iya tashi. Wannan aikin ayan ne kawai. Ni da zai ji tawa mai gyaran rediyo ko amfilifaya zai nema, su ne suka saba da irin waɗannan ƙafafun masu ratsa fanel.

Baba Mai Rediyo: Bari in faɗi yadda ake yi, ko shi zai yi ko wani, ya san daidai in ya gani. A ɗauki hoton komai kafin a kwance, a jera kusoshi yadda aka cire su don ba tsawonsu ɗaya ba. A juya fanel a haska ƙafafun jak da tocila daga gefe, a jawo da kyamarar waya, sannan a soka filogi a motsa shi. Za ka ga siririn zobe baƙi zagaye da ƙafar, ko ka ga ƙafar na motsi dalma na tsaye. Kar ka ce don dalmar ba ta sheƙi ta lalace, tun 2006 da dokar Turai ta hana gubar dalma a kayan lantarki ta fara aiki yawancin kamfanoni suka koma marar gubar, ita kuma haka fuskarta take, dishi-dishi. Tana kuma son zafi, sai wajen digiri 217 zuwa 220 take narkewa, alhali tamu ta da mai 63/37, wato kuza kashi 63 gubar kashi 37, a 183 take narkewa. Shi ya sa ƙaramin ayan mai arha yake wahala a kanta, musamman ƙafar at da ke manne da faffaɗan jan ƙarfe mai shanye zafi, mutum ya yi ta dannawa yana jira har layin ya ɗago. In ayan ɗin mai saiti ne a sa shi wajen 350, a shafa fulos, man da ke sa dalma ta kama, a taɓa ƙafa da layin tare, a ƙara sabuwar dalma, daƙiƙa biyu zuwa uku a ɗaga. In an samu abin zuƙe tsohuwar a zuƙe ta tukuna ya fi kyau. Kuma duk ƙafafun za a bi, ba mai tsagar kaɗai ba, don sauran ma sun sha wuya.

DJ Tudun Jos: Baba wane fulos? Akwai wanda masu gyaran radiyeta ke amfani da shi.

Baba Mai Rediyo: Kul. Wancan asid ne, zai ci layin fanel a hankali. Na lantarki ake so, mai rozin, irin na masu gyaran waya, in an gama a goge da sifirit. Sannan tsari: a fara ɗaure jak ɗin ya zauna daram a mazauninsa kafin a yi dalma, in ka yi dalma yana karkace sannan ka zo ka ɗaure noti ka ja shi, ka sake ɗora wa sabuwar dalmar kaya tun ranar farko.

Ɗan Maraɗi: Baba a yi maganar wuta kuma, kar wani ya karanta ya je ya buɗe mikisa.

Baba Mai Rediyo: Ka kyauta ɗana. Nasa na USB ne, bolt 5 ke shiga, in ya zare waya babu abin tsoro, sai dai ya kashe maɓallin bolt 48 da ke ba maik wuta kafin ya zare ya ɗan jira. Amma duk abin da wayar NEPA ke shiga cikinsa kai tsaye, mikisa ko amfilifaya ko sifika mai wuta, akwai manyan kafasito a ɓangaren wutar da ke iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare, tunda 230 ɗinmu in an mayar da ita DC wajen 325 take kaiwa. Wanda bai san yadda ake sauke su ba kar ya sa hannu.

'Yar Amshi: Sannunku da aiki yayyena. Ni ba gyara na iya ba amma ina shiga situdiyo kala-kala kuma ina ganin yadda abin ke lalacewa. Wayar hedifon gajeriya ce, mu uku ko huɗu muna amshi ana miƙa wa juna, wannan ta ja wannan ta taka, wani ya tashi da shi a kunne ya manta, saun kad ɗin har sai ya biyo shi. Wani situdiyo da nake zuwa mai shi ya sa gajeriyar wayar ƙari a ramin ya ɗaure ta da ƙafar tebur, ba a taɓa zare ta, kowa a bakinta yake sokawa. Ya ce in ta lalace canza ta ba komai ba ne.

Injiniya Sabon Gari: Hajiya kin fi wasu masu situdiyon lura wlh. Wannan ita ce dabarar, kuma a bar wa wayar ɗan sassauci tsakanin ɗaurin da ramin. In masu amshi da yawa ne ma gara a sayi ƙaramin amf na hedifon mai rami huɗu, kowa da nasa da abin ƙara sautinsa, shi ya sha jan.

Bitmeka KD: Ko a canza jak ɗin a sa mai kulle irin na Neutrik, in ka soka ba ya fita sai ka danna.

Sarkin Miksin: Mai kulle yana da kyau a dandamali ko a jikin bango, amma a ƙaramin saun kad da ke kan tebur? In mutum ya taka waya filogi ba zai fita ba, akwatin ne gaba ɗaya zai faɗo ƙasa har da laftof in Allah bai kiyaye ba. Kuma ba zai ma shiga mazaunin ba.

Mai Fiyano: Tambaya, kafin in samu zuwa gyaran, ba zan iya soka hedifon a ramukan baya ba inda sifiku ke shiga? Girman ai ɗaya ne.

Sarkin Miksin: Girma ɗaya aiki daban. Kowane rami a baya ɓangare ɗaya ne, hagu ko dama, kashi ukun nasa na balans ne ba sitiriyo ba. In ka soka hedifon a na hagu, hagun kaɗai za ka ji, a wasu na'urorin kunne ɗaya daidai ɗayan a juye, a wasu kunne ɗaya ne ma kawai zai yi magana, kuma sautin ba ƙarfi don ba a yi ramin don ya tura hedifon ba. In kana da ƙaramar mikisa ko amf ɗin hedifon ka kai hagu da dama can ka ji daga can. Haka kuma kar ka sa filogin jita mai zobe ɗaya a ramin hedifon, yana haɗe dama da at.

DJ Tudun Jos: Tunda ana maganar, ni kibod ɗina ne sifikun jikinsa suka yi shiru tun da na zare hedifon rannan, amma ta hedifon ɗin yana yi. Shi ma dalma ce?

Injiniya Sabon Gari: Ba lallai ba. Jak ɗin kibod mai sifika akwai makunni a cikinsa, wani ɗan ƙarfe da filogi ke turewa in ya shiga don sifiku su yi shiru, in ka zare ya koma ya taɓa ɗan'uwansa. In datti ya shiga tsakani ko ƙarfen ya gaji bai koma ba, kibod ɗin yana ɗauka har yanzu hedifon na ciki. Yi wankin da Baba ya faɗa, soka-zare da sifirit, yawanci yana dawowa. In bai dawo ba sai canji, kuma ka je kasuwa da tsohon a hannu don yawan ƙafafu da jerinsu ba ɗaya ba ne, mai makunni ya fi ƙafafu, in aka sa maka marar makunni sifikun ba za su dawo ba.

Ɗan Maraɗi: Ba a iya lanƙwasa ƙarfen ya koma? Nan ana yi.

Injiniya Sabon Gari: Ana yi in jak ɗin buɗaɗɗe ne kana ganin ƙarafan, ka ɗan tura shi ciki da tsinke ya ƙara matsewa. Amma ƙarfen da ya riga ya gaji zai sake saki, na ɗan lokaci ne. Na rufe cikin roba kuwa kar a wahala, a canza.

Baba Mai Rediyo: Jak ɗin 6.35 tun zamanin allon haɗa kiran tarho yake, ƙarshen shekarun 1800, mata da maza suna soka shi suna zarewa wuni guda, kuma a jikin katako da ƙarfe yake a ɗaure da wayoyi masu laushi a bayansa. Yanzu an ɗauko shi an dasa a fanel don a rage kuɗin haɗawa. In da wuri a cikin akwatin ni nakan sa na ɗaurawa a jiki in ja gajerun wayoyi uku zuwa fanel, ko an ja ba abin da zai kai ga dalma. Sai dai waɗannan ƙananan na yanzu ba sa barin wuri.

Mai Fiyano: Jama'a na dawo daga wajen mai gyaran amfilifaya a Sabon Gari, a gabana ya buɗe. Yadda Baba ya faɗa haka muka gani, zobe zagaye da ƙafar at, ta hagun ma ta fara, sai dai ta at ɗin layin ya ɗan ɗago daga fanel. Ya zuƙe tsohuwar ya sa sabuwa a duka, ya kankare koren rufin layin kaɗan a gaba ya ɗora siririyar waya daga ƙafar zuwa can, ya gwada da mita tana ƙara yana kaɗa filogin ba ta yanke ba. Ya ɗaure notin. Na dawo na kunna aikin, murya na nan ko na ja waya ta ina. Na sayo adafta mai murɗawa da wayar ƙari yadda Hajiya ta ce. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Injiniya Sabon Gari: Amin. Ya sa gulu a ƙafafun?

Mai Fiyano: Ya so ya zuba na kyandir a gefen jak ɗin na ce ya bari sai na tambaya.

Injiniya Sabon Gari: Na kyandir a gefen jiki ba laifi, yana ɓantaruwa in an so canji, ba kamar sufa gulu ko aradait ba. Amma tunda akwai noti ba dole ba ne. Ka dai rinƙa taɓa notin lokaci-lokaci, in ka ji ya fara juyawa ka ɗaure. Kuma ka sake sauraron duk miks ɗin da ka yi kwanakin da abin ke rawa kafin ka tura wa masu biki.

DJ Tudun Jos: Nawa ma sifikun sun dawo bayan wankin, sai dai in na soka na zare wani lokaci sai na ɗan buga gefen kafin su kama. Injiniya ƙafa nawa zan ce musu a kasuwa?

Injiniya Sabon Gari: Kar ka ce musu komai, a cire a ba ka ka tafi da shi. In ba za ka iya ba turo hoton ƙasan fanel ɗin nan in ƙirga maka.